Ƙafa da Takalmi a Tarihin Birnin Sakkwato

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa kantar nan mai zafi da ke fitowa a kan yatsun ƙafa ba ta daɗe da yawaita a birnin Sakkwato ba, kuma takalmi sau-ciki ne ya yaɗa ta.

Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Sakkwato gari ne na majema da dukawa. Jar fatar akuyarsa ita ce fatake ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma takalmin da dukawa suka fi ɗinka wa jama'a buɗaɗɗe ne, yatsu a sake. Talaka kuwa sau da yawa ƙafa ba takalmi yake zuwa gona da kasuwa, mai takalmin ma yakan tuɓe shi a ƙofar masallaci da gaban manya. Saboda haka abin da ya dami ƙafar mutanen wancan zamani shi ne kaushi da faso, musamman da hunturu, maganinsu kuwa dutsen goge kaushi da man shanu ko man kaɗanya.

Bambancin a nan yake. Kaushi shimfiɗe yake a tafin ƙafa, har kariya ne ga mai tafiya a rairayi mai zafi. Ita kuwa wannan kanta, matsi ne ke taruwa a ɗan wuri guda a kan gaɓar yatsa, sai fata ta yi tauri, ta yi ƙwaya mai tsini ta ciki, wadda ke sokar nama duk lokacin da aka taka.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma takalminsu bai shiga gari nan take ba. Ko sojan mulkin mallaka ma galibi ƙafa ba takalmi suke fareti, sai a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, aka wadata su da but. A ganina ma'aikatan En'e da 'yan makaranta sun fi soja yaɗa sau-ciki, domin su ake kallo a gari. Ga shi kuma takalmin kanti da lamba ake sayensa, alhali baduku ƙafar mutum yake aunawa.

Yanke kanta da aska ko reza tsohon aiki ne, sai dai yanzu da ciwon sukari ya yawaita, ɗan yankan nan yakan zama gyambon da ke kai mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani lokaci har a rasa yatsan.