Daga Ido Zuwa Ƙwaƙwalwa: Taƙaitaccen Tarihin Nazarin Disleksiya

A shekarar 1887 ne Rudolf Berlin, likitan ido a Jamus, ya raɗa wa matsalar kasa karatu suna disleksiya. A 1896 kuma Pringle Morgan na Ingila ya kawo bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda karatu ya gagare shi. Ya kira abin makantar kalma, sunan da ya daɗe yana karkata hankalin masana zuwa ga ido.

Akalar bincike ta juya sosai a 1985, sa'ad da Albert Galaburda da abokan aikinsa a Amurka suka duba ƙwaƙwalwar mamata huɗu masu wannan matsala. Sun tarar da ƙwayoyin jijiya da suka kauce wa mazauninsu, akasari a ɓangaren hagu mai kula da harshe. Huɗu dai ba yawa ba ne, amma sun nuna hanya.

A 2001 Eraldo Paulesu ya gano rauni iri ɗaya a aikin ƙwaƙwalwar Ingilishi da Faransawa da Italiyawa masu disleksiya, sai dai Italiyawan sun fi iya karatu, domin rubutunsu yana bin furuci. Bokon Hausa ya fi kusa da nasu, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti.