Ranar da Hoto Ya Tona Asirin Tatsuniya

Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da murya ta shiga fim, masana'antar ta tsaya kan hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Dalilin tattali ne: adadin ya ishi sauti ya fito da kyau ba tare da ɓarnar zaren fim ba. Idon 'yan kallo ya saba da ɗan dishi-dishin motsin, har ya zama kamannin sinima. A Disambar 2012, Peter Jackson ya ninka adadin zuwa 48 a fim ɗinsa The Hobbit. Hoto ya fito tar, amma masu suka da dama suka koka cewa kwalliyar 'yan wasa da gine-ginen wucin gadi sun fito fili. Ashe tatsuniya tana buƙatar ɗan hazo kafin a gaskata ta.