Hanyar Makka: Daga Tafiyar Shekaru Zuwa Tafiyar Sa'o'i

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, a yau alhaji yakan hau jirgin sama a Yamai da hantsi, ya sauka Jidda a ranar. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 4,000 ne, jirgi kuwa yana cinye su cikin sa'o'i biyar zuwa shida. Ya kamata mu waiwaya mu ga yadda magabata suka bi wannan hanya, domin mu san girman ni'imar da muke ciki.

Tsohuwar hanya ita ce ta Sahara, inda ayarin raƙuma ke ratsa hamada zuwa Masar, sannan Hijaz. Mansa Musa na Mali ya isa Alƙahira a 1324, Askiya Muhammadu na Songai kuma ya tashi daga Gawo a 1496. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, amma da malamin ya nufi Makka, sai Shehu ya komo gida saboda bai nemi iznin mahaifinsa ba. Har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da hajji ba.

Daga baya talakawa suka fi bin hanyar gabas: Cadi, Darfur, Kogin Nilu, har Suwakin a bakin Bahar Maliya, inda suke tsallakawa cikin jirgin ruwa. Mutum yakan yi bankwana da dangi irin na wanda ba ya sa ran komowa. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira. Wani ya komo bayan shekara biyar, wani goma, wani kabarinsa yana bisa hanya, wasu kuwa jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa.

Hanya ta taƙaita, amma hukunci bai sake ba. A mazhabar Imamu Malik, tafiyar ƙasaru baridi huɗu ce, wato mil 48. Wanda ya yi ta cikin jirgi yana da rangwame kamar mai raƙumi. Sai dai saurin ya zo da nasa haɗari: mai raƙumi yakan yada zango a miƙati ya yi wanka a natse, mai jirgi kuwa yana iya wuce daidai da shi yana barci. Haka mai azumi a sama ba ya buɗa baki da agogon gida, sai rana ta faɗi a inda yake.

Magabata sun koyi hukuncin hajji a zangon hanya, wurin malaman garuruwa. Mu da ba mu da wannan zango, wajibi ne mu koya tun muna gida. Ga Ramadan, ga majalisun karatu a buɗe. Maniyyaci kada ya jira ranar tashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta bisa hanya, Ya kira mu Ɗakinsa muna masu sani. Amin.