AKWATIN KAKANA

'Yar'uwa, in kin ji tsofaffi suna cewa wane ya shiga duniya, kada ki ɗauka duk wanda ya shige ta shashasha ne. Kakana na wajen uwa yana cikinsu, kuma da bakinsa ya ba ni labarin, ina 'yar budurwa ina yi masa fifita a zaure.

A shekarar 1929 kasuwa ta karye a Amurka, karyewar da ta ja duniya gaba ɗaya. Mutanen ƙauyenmu a ƙasar Kano ba su ma san da wata Amurka ba, amma fa sun ji a jikinsu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 suka rungumi noman gyaɗa, sai ga shi cikin 'yan shekaru kuɗin da kamfanonin Turawa ke sayenta bai kai rabin na da ba. Haraji kuwa yana nan daram, kuma tsabar kuɗi ake so, ba damin gero ba. Ga fara ta sauka a gonaki. To a 1931, yana saurayi da amaryarsa ko shekara ba ta rufa ba, ya ce mata zai je cin rani Jos, kafin ruwan shuka ya dawo. Ya dai faɗa mini gaskiya, ba haraji kaɗai ya kore shi ba; tun yana yaro yake jin fatake suna labarin Gwanja, ransa yana biyawa.

Da ƙafa ya taka zuwa Zariya, ya hau ɗan ƙaramin jirgin da ke zuwa Bukuru a lokacin. Abin rashin sa'a, a shekarar ne ƙasashe masu kuza, har da Nijeriya, suka ƙulla yarjejeniyar rage haƙa saboda kuɗinta ya faɗi. Wata biyu ya yi yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, sai aka sallame su. Ya koma gida hannu rabbana? Ya ce kunya ba ta bar shi ba. Ni dai a ganina nan ne ya yi kuskure, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Sai ya nausa Ikko, ya yi dako har ya haɗa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ankara, wato Accra ta ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Lokacin babu matsayar manyan jirage a garin, a cikin teku jirgi ke tsayawa, 'yan kwalekwale su kwaso mutane. Ya ce ranar ya karanta duk addu'ar da ya sani. Sauƙin abin, kuɗinsu da namu ɗaya ne, fam da sule da kwabo, kuma a zango Hausa ake yi, ga mai masauki da zai ba baƙo tabarma ya nema masa aiki. Daga nan ya haura Kumasi, yau ɗaukar huhun goro, gobe buhun koko, wata shekara kuma sharar gonar wani Ba'asante. Duk damina sai ya ce baɗi.

Abin da ya koro shi, a ƙarshen 1937 manoman koko suka ƙi sayarwa, don kamfanonin Turawa sun haɗa baki a kan farashi, aka yi ta ja har Afrilun 1938. Babu kaya, babu dako. Ya tattara abin da ya tara a akwatin ƙarfe ya kamo hanyar gida.

Amaryar fa? Allah sarki. Shekara huɗu tana zaune, babu wasiƙa babu saƙo, da kaɗin auduga take ci da kanta. Daga baya iyayenta suka je wajen alƙali aka raba auren. Kakana ya tarar da ita a gidan wani da goyo a baya. Bai taɓa zarginta ba ko sau ɗaya, kakata ce dai da ya aura daga baya take jin haushi in ya ɗauko zancen.

Turmin atamfar da ya sayo mata a Kumasi ya aika gidan iyayenta, suka dawo da shi, suka ce ba ya halatta. Da aka buɗe akwatin ranar rabon gado, yana ƙasa a ninke, asu ya cinye gefe ɗaya.