Hanyar Jibiya, Mahaɗar Katsina Biyu

Duk wanda ya taso daga Kambarawa a birnin Katsina ya fita ta Ƙofar Guga, ya wuce Daddara, sa'an nan ya dakata a Magamar Jibiya gaban 'yan kwastan kafin ya tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, to, ko ya sani ko bai sani ba, gidan sarakunan Katsina na dauri ya nufa. Domin kuwa a shekarar 1807, sa'ad da Malam Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya ci birnin Katsina, zuriyar Korau, wato waɗannan sarakuna, suka fice, suka bi ta Ɗankama da Damagaram, har ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Dalili ke nan har wa yau ake ce wa mai sarautar can Sarkin Katsina.

Kusan ƙarni guda dajin da ke tsakanin biranen nan fagen fama ne, musamman a zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, wanda dakarunsa suka sha kawo hari, fatake kuwa ba su ratsa shi sai cikin ayari. Da Ingila da Faransa suka daidaita iyakarsu a 1906, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai al'amari ya juya: turbar mahara ta zama ta raƙuma da jakai masu dakon gyaɗa, daga bisani ta manyan motoci, kuma alhazan Maraɗi da dama a kanta suka yi arziki.

Abin da ke sosa rai shi ne, hukuma ba ta cika duban wannan tafarki sai ta fuskar fasa-ƙwauri, alhali kuwa shi ne na sada zumunta, na kai amarya, na zuwa ta'aziyya, na almajirai masu neman ilimi. An rufe iyakar a 1984, aka sake rufe ta a 2019, aka kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma kowane karo talakan Jibiya ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa, ga shingayen jami'ai birjik, ga fargabar 'yan bindiga. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Katsina da Jibiya.