Baki Ɗaya, Takarda Biyu: Lafiyar Masu Ingilishi a Kan Iyakar Magarya

Dantchiao ƙaramar hukuma ce a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, kudancinta na jingine da Najeriya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a nan tsakanin 1898 da 1908 ba ta raba harshen gida ba. William Miles, wanda ya zauna a Yekuwa ta ɓangaren Nijar da Yardaje ta ƙasar Daura, ya nuna a littafinsa Hausaland Divided na 1994 cewa dangi ɗaya ne suka tashi ƙarƙashin mulki iri biyu. Abin da iyakar ta raba shi ne harshen makaranta da na ofis da na takardar likita: Faransanci a arewa, Ingilishi a kudu. Daga wannan rabuwa ne aka sami wasu tsirarun mutane a yankin Magarya da Dungas waɗanda karatunsu da takardunsu na Ingilishi ne, alhali gidan likitan da za su je da Faransanci yake rubutu. Hujjar wannan maƙala ita ce hukumomin lafiya na da alhakin waɗannan mutane, kuma sauke alhakin bai buƙatar a buɗe musu sashe na daban. Ya isa a riƙe Hausa a matsayin harshen ganawa da majiyyaci, a mai da takardun lafiya masu harshe biyu, a kuma jawo ƙungiyoyinsu cikin aikin wayar da kai.

Masu Ingilishin nan ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ƴan kasuwa daga kudancin Najeriya, Ibo da Yarbawa da wasunsu, masu sayar da kayan gyaran mota da babur da sauran kayan masarufi a garuruwan Damagaram. Mazansu da yawa sun iya Hausar ciniki, amma matan da suka biyo su daga baya sukan daɗe ba su iya ba, kuma su ne masu zuwa awon ciki da kai yara rigakafi. Akwai kuma ƴaƴan ƙasar nan da suka tashi a Kano ko Daura ko Gumel, suka yi boko da Ingilishi, suka dawo gida ba su iya karanta layi ɗaya na Faransanci. Rukuni na uku shi ya fi yawa, ko da yake ba ya kiran kansa mai Ingilishi: duk Bahaushe ko Bafillatanin da ya kai mara lafiya asibitin Babura ko Maigatari ko Kano, ya dawo da takardar sallama da ta magani an rubuta su da harshen da ma'aikacin lafiyar garinsu bai karanta ba.

Wannan rukuni na uku shi ne amsar mai cewa ai kowa na jin Hausa a nan, don haka babu matsalar harshe. Gaskiya ne Hausa na warware rabin matsalar, kuma wannan babbar ni'ima ce da iyakoki da yawa ba su samu ba. To amma magani ba a baki kaɗai yake tafiya ba. Tsarin lafiyar Nijar hawa-hawa ne, daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa cibiyar da ake kira CSI, zuwa asibitin gunduma, sannan babban asibitin Damagaram, kuma takarda ce ke raka majiyyaci daga wannan hawa zuwa wancan. Katin awon cikin da ake rubuta wa CPN a nan, ANC ake rubuta masa a Jigawa. Ɗigon shan inna VPO ne a katin yaron Dantchiao, OPV ne a na ɗan'uwansa na Babura. Idan malamin asibiti bai gane katin ba, ko dai ya maimaita allurar da aka riga aka yi, ko ya ɗauka an yi wadda ba a yi ba. Abin ya fi muni a cututtukan da ake shan maganinsu wata da watanni, irin tarin fuka da hawan jini da ciwon sukari da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai tarin fukan da ya fara magani a Kano ya ƙaura Magarya yana buƙatar a san ranar da ya fara da irin ƙwayoyin da yake sha, domin katse magani shi ke haifar da tarin da ba ya jin magani, kuma wannan tari ba ya tsayawa a gidan mai shi.

Annobar shekarun nan ta tabbatar da cewa yankin gida ɗaya ne ta fuskar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, mutum 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta fi yawan masu cutar. A daidai lokacin jihar Jigawa ce ke ɗauke da mafi yawan masu sanƙarau a Najeriya. A 2023 mashaƙo ya yi ƙamari a Kano, ya kuma bayyana a Matamai. Shekara ashirin kafin nan, dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta. A irin wannan hali, gida ɗaya da sanarwar rigakafi ba ta kai gare shi ba, saboda an yi ta da harshen da matar gidan ba ta ji, ɓaraka ce a garkuwar unguwa baki ɗaya.

Akwai ƙasar da ta daɗe da fuskantar irin wannan tambaya. A lardin Kebek na Kanada, inda Faransanci ke da rinjaye, masu Ingilishi sun haura miliyan ɗaya. Tun 1986 doka ta ba su ƴancin samun kulawar lafiya da ta jin daɗin jama'a da harshensu, kuma a 2000 aka kafa wata cibiya mai suna CHSSN da ke haɗa ƙungiyoyinsu na gari-gari da hukumomin lafiya. Kwafo wannan tsari sukutum zuwa Magarya kuskure ne. Masu Ingilishin Kebek ƴan ƙasa ne masu tsofaffin asibitoci da jami'o'i nasu, kuma ba su da harshe na uku da ya haɗa su da maƙwabtansu. A nan Hausa na nan, kuɗin kuma babu. Darasi ɗaya ne ya cancanci ɗauka daga can: hukuma ta fi isa ga tsiraru idan ta bi ta ƙungiyoyin da suka kafa wa kansu.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sai an ƙirƙiro su ba. Baƙi daga kudancin Najeriya suna da taron ƴan gari ɗaya, da adashi, da majami'u da masallatai, kuma ta nan ake haɗa kuɗin asibiti, a yi jinyar wanda ba shi da dangi kusa, a mai da gawa gida. Ƙasar Hausa ma tana da tsohuwar al'adar mai masauki da sarkin zango, wadda ke ɗora nauyin baƙo a wuyan wani sananne a gari. Raunin wannan tallafi shi ne ya tsaya a kan taimakon juna kawai, kuma rana ɗaya na iya girgiza shi, kamar yadda aka gani a Janairun 2015 lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram. Matar da ta haihu nesa da uwarta, ba mai yi mata wankan jego, ba ta kuma san cewa tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar ba, za ta ƙare ne wurin mai tallar magani a kasuwa. Da ma'aikatan sa-kai na unguwa za su riƙa zama da shugabannin waɗannan ƙungiyoyi kafin kowane zagayen rigakafi ko rabon maganin kariya daga zazzaɓin damina, da an toshe wannan giɓi ba tare da an kashe ko dala ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta ƙarancin hali, kuma dole a saurare ta da kyau. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma a Satumban 2018 ta bayyana cewa yara 730 na kwance a sashen yara na asibitin garin, ana rasa kimanin goma a kowace rana sakamakon zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wanda ya san wannan yana da damar tambaya ko ya dace a damu da takardar ɗan kasuwa. Yana kuma iya ƙarawa da cewa Fulani da Barebari da Buzaye, ƴan ƙasa na asali, sun fi cancanta a fara kula da harsunansu. A nan babu gardama: haƙƙinsu na gaba. Sai dai abin da ake nema bai ci daga rabonsu ba. Katin rigakafi mai layi biyu, da takardar tura majiyyaci mai harshe biyu, da shafi ɗaya na gajerun sunayen alluran ƙasashen biyu a manne a bangon kowace CSI ta kan iyaka, duk aikin maɗaba'a ne na lokaci guda. Waɗanda za su fi amfana kuwa su ne talakawan ƙauyukan nan da ke kai-komo tsakanin asibitocin ƙasashen biyu, har da iyayen waɗancan yara.

Saura mai cewa baƙo alhakin ƙasarsa ne, balle yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025. Rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna cewa a lokacin da hanya ta toshe ne mazaunin baƙo ya fi dogara da likitan garin da yake zaune. Ta fuskar doka ma ƙofa a buɗe take, domin kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ba ta dogara da CEDEAO ba, kuma daidaita katin lafiya aiki ne da ya dace da ita. Kafin manya su zauna, shugabannin lafiya na gundumomin Magarya da Dungas na da ikon farawa da takwarorinsu na Babura da Maigatari da Baure, kuma ya kamata su fara kafin lokacin sanƙarau mai zuwa.