Ilmin Hanya a Wurin Fataken Ƙasar Gure

Wanda ya tashi a Gamu ko wani gari na ƙasar Gure a wannan zamani, ya ga mota tana kai mutum Damagaram cikin yini guda, da wuya ya fahimci cewa a dā sanin hanya ilmi ne mai zaman kansa, wanda ake gada daga uba kamar yadda ake gadon gona, domin ƙasar Muniyo, inda Gure take, ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwaruruka masu goruba da dabino, inda kuskuren rijiya ɗaya yakan zama ajalin ayari duka. Abin da ya jawo fatake nan kuwa shi ne kanwa da manda, waɗanda Mangawa ke haƙowa suna dafawa a kwaruruka idan damina ta wuce, a ɗora wa jakuna da takarkarai a nufi Kano da Katsina.

Madugu shi ne taskar labarin hanya. A kansa ake samun adadin zangon da ke tsakanin Gure da Damagaram, da rijiyar da ke ƙafewa da bazara, da wadda ruwanta ya cika kanwa har dabba ta ƙi sha, da sarkin da ke karɓar gaisuwa da ƙyalle, da wanda sai da gishiri. Amma hikimar da ta fi ba ni sha'awa, wadda kuma a ganina masu tarihi ba su ba ta haƙƙinta ba, ita ce yadda wannan ilmi yake sauka daga madugu zuwa ga kowane mutum gwargwadon buƙatarsa. Da magariba, bayan an sauke mangaloli an ɗaure dabbobi, madugu yakan zauna da jagaba da uban dawaki da malamin ayari su yi shawara. Jagaba ya ɗauki abin da ya shafi alamomin hanya, uban dawaki ya ji inda ake tsoron mahara, malami ya duba ranar da ta dace da tashi ya yi addu'a. Yaron da ke kora jakuna kuwa, abin da zai iso kunnensa bai wuce a ce masa gobe ya cika salka maƙil ba, gama babu ruwa sai la'asar. Da asuba ganga ta sanar da saura.

Baƙi ma a wannan taska suka sha. A watan Disamba na 1852 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gure daga Kukawa zai tafi Damagaram, ya gana da sarkin ƙasar, Muniyoma Koso, kuma sunayen garuruwa da rijiyoyi da ya cika littafinsa da su daga bakin matafiya ya tattaro akasarinsu. Daga baya Faransa da Ingila suka raba ƙasa a kan takarda a 1898, sai Faransawa suka tarar rabonsu ba shi da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, ala tilas aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara iyaka, kana Kyaftin Tilho ya zo da ma'aunansa yana bin rijiyoyin da fatake suka daɗe da haddacewa.

A farkon shekarun 1970, zamanin Diori Hamani, aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada. Tun daga nan buhunan kanwa suka koma bayan manyan motoci, direba ya gaji kujerar madugu, yaron mota ya gaji mai kora jakuna, kuma har yau idan an tsaya a tasha shi ake aika ya cika jarka.